Saura Kaɗan Mu Isa Sakkwato

Daga wani ɗan aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta

Wannan karon ni aka ba filin ra'ayi a allonmu. Na san wasu za su ce me ya haɗa ɗan shekara 13 da maganar tirela, shi da ko keke sai ya ara. Ku yi haƙuri ku karanta, in aka buga ƙararrawa ba ku gama ba, ku dawo in an tashi tara.

Duk mai bin bakin titi da safe zuwa makaranta ya saba ganin manyan motoci suna fitowa daga wajen Shagari sun nufi Sakkwato. Yawancinmu lodin muke kallo, ko mu karanta rubutun da ke jikin motar mu yi dariya. Gobe in Allah ya kai mu, ku ɗaga kai ku dubi fuskar mai riƙe da sitiyarin. Za ku ga ido ja wur, wani ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma a ka, wani yana tauna goro kamar yana faɗa da shi. Wataƙila rabon mutumin nan da ya miƙe ƙafa ya yi barcin kirki tun shekaranjiya, kuma shi ne zai wuce taku biyar daga inda ƙannenmu 'yan firamare ke tsaye suna jiran su tsallaka.

Titin nan da ya ratsa Boɗinga da Shagari ba ƙaramin titi ba ne. Ku duba taswirar da ke ofishin malamai. Daga Sakkwato ya bi ta nan, ya wuce Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ya haye Kwara a Jebba, ya bi Ilorin da Ibadan har Legas. Tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Jirgin ƙasa kuwa tun 1929 da ya iso Ƙaura Namoda ya tsaya, bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. Saboda haka albasarmu da shanunmu da simintin Kalambaina duk a bayan mota suke tafiya, man fetur da sauran kayan da muke saye su ma a bayan mota suke zuwa. Abin da na lura da shi, wanda ban ji manya suna faɗa ba, shi ne mu a ƙarshen hanyar muke zaune. Direban da ya taso daga Legas, lokacin da zai iso Shagari ƙarfinsa ya riga ya ƙare a Neja da Kebbi. Guntun da ya rage shi yake kawo mana. Kuma daidai nan ne zuciyarsa ke ce masa kada ka tsaya, saura kaɗan.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mutumin Shagari ne, ya fi shekara goma yana tuƙa tirela. Ba ya shan komai sai shayi da goro. Bara lokacin sanyi ya kai albasa Legas, ya sauke, a ranar aka yi masa lodin dawowa. Mai motar ya kira shi a waya ya ce akwai wani lodin yana jira a Sakkwato, in bai iso a kan lokaci ba wata mota za a ba. Kwana biyu ya yi a hanya, barcin da ya samu in an tattara shi duka bai kai awa biyar ba, shi ma a zaune kan kujera. Gab da asuba ya shigo Shagari, garinsu, inda shimfiɗarsa take, inda matarsa da 'ya'yansa ke kwance, amma bai taka birki ba. Kafin ya kawo Boɗinga motar ta sauka daga titi, ta bi ta kan wata rumfar mai shayi, ta kwanta a bakin gona. Allah ya sa mai shayin bai fito ba tukuna. Da abin ya ƙara rabin awa, da benci biyu cike suke da mutane.

Yaron motarsa, saurayi da bai kai shekara ashirin ba, ƙafarsa ta karye wuri biyu, har yau yana ɗingishi. Kawu ya samu karaya a haƙarƙari. Da muka je gaishe shi da Inna, na jira manya suka fita, sannan na ce, "Kawu, me ya sa ba ku tsaya gida kun kwanta ba?" Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Ɗana, na ga hitilun Shagari da idona. Nic ce ma kaina saura kaɗan, in sauke kayan mutane sannan in kwanta. Daga nan ban san komi ba, sai dai nij ji ƙara."

Yanzu ku bi ni mu ƙirga waɗanda suka biya kuɗin wannan barci. Kawu ya kwana uku a wurin 'yan sanda da ciwo a ƙirji kafin dangi su yi belinsa. Kuɗinsa na wannan tafiya da na wadda ta gabace ta an riƙe, wai na gyaran mota. Aikin ma ya rasa shi, yanzu kabu-kabu yake yi da babur na aro. Yaron mota ya biya da ƙafarsa. Mai shayi ya biya da rumfarsa da tukunyarsa. Mai motar fa, wanda ya buga wayar? Tambayar farko da ya yi da aka sanar da shi ita ce, "Kayan fa?" Ba wanda ya kira shi ofis, ba wanda ya tambaye shi awa nawa direbansa ya yi bai runtsa ba. Kafin mako ya zagayo ya ɗora wani direban a ɗaya motar tasa, ya bi wannan titin dai.

Ra'ayina ke nan, tun kafin in yi nisa: a ƙasarmu hukuncin tuƙin da ya wuce ƙima yana zuwa a makare, bayan jini ya zuba, kuma yana sauka a kan mutum ɗaya, alhali mutum biyu ne suka yi laifin. Ban ce Kawu ba shi da laifi ba. Yana da shi, shi ma ya faɗa da bakinsa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu suna ganin barci abu ne da namiji ke iya dannewa da ƙarfin hali. Ɗan bautar ƙasar da ke koya mana kimiyya ya yi mana bayanin da ya canza mini tunani. Ya ce idan gajiya ta kai wani matsayi, ƙwaƙwalwa tana kashe kanta na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da neman izinin mai ita ba, wani lokaci ma ido a buɗe. Kuma jikin ɗan Adam ya fi neman barci tsakanin tsakar dare da asuba, ko da mutum ya saba aikin dare. Ya gaya mana wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997, inda aka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da ita. Wannan ta tsaya mini a rai. A garinmu in aka ce ga direba ya sha giya, kowa zai yi tir, ba mai shiga motarsa. In aka ce ga direba ya kwana biyu a kan sitiyari, sai a ce kai, wannan jarumi ne. Ashe hanya ba ta bambanta su.

Sai na ɗauko littafin lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 60,000 a cikin daƙiƙa 3,600. In ka raba, kusan mita 17 ke nan a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku kacal, wanda ko "a'uzu billahi" ba ka gama faɗa da kyau ba, mota ta yi mita 50, rabin filin ƙwallo, babu mai tuƙa ta. Tirelar siminti mai buhu 600, kowane buhu kilo 50, tan 30 ke nan ban da nauyin ita kanta motar. 'Yan ajinmu da ke cewa lissafi ba shi da amfani, ga amfaninsa: ku auna mita 50 daga bakin titi inda muke tsayawa, ku ga abin da ke cikin wannan tazarar. Akwai masu tallan ƙosai, akwai mai faci, akwai mu.

To me doka ta ce? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Dokokin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na 2012 sun iyakance awoyin da direba zai yi yana tuƙi, sun kuma wajabta masa hutu. Jami'an hukumar kullum suna jan kunnen direbobi su tsaya su huta bayan kowace awa huɗu, suna kuma gargaɗi kan tafiyar dare. Dokar hukumar ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci. Doka dai ga ta nan a takarda. Matsalar ita ce jami'in da ya tsayar da mota a kan hanya yana iya ganin lasisi, ya ga taya ta suɗe, ya ga fitila ta mutu, ya ga an ɗora mutane a kan shanu. Amma ta yaya zai ga barci? In ya tambayi direba yaushe ka taso, direba zai ce ɗazun nan na tashi daga Jega, na huta sosai. Ba takarda, ba shaida. Laifin da ba a iya gani ba a iya hukunta shi, sai ranar da ya nuna kansa a cikin rami.

Wasu ƙasashen sun gane haka tuntuni, sai suka sa wa motar kanta mai ba da shaida. A ƙasashen Tarayyar Turai kowace babbar mota tana ɗauke da wata na'ura mai rubuta lokacin da mota ta motsa da lokacin da ta tsaya, direba kuma yana da katinsa da yake sakawa a ciki. Dokarsu ta 2006 ta ce awa tara ake tuƙi a rana, ana iya kai wa goma sau biyu kawai a mako, kuma bayan awa huɗu da rabi dole a huta minti 45. A Amurka awa 11 ne iyaka bayan hutun awa goma a jere, kuma tun Disambar 2017 aka wajabta na'urar rubuta awoyi. In jami'i ya duba ya ga direba ya wuce ƙa'ida, nan take zai hana shi ci gaba da tafiya sai ya cika hutunsa, ga tara, kamfanin ma ana cin sa tara. Abin da ya fi burge ni a dokar Turai shi ne ta hana kamfani biyan direba gwargwadon nisan da ya ci ko yawan kayan da ya kai, in irin wannan biyan zai sa shi karya dokar hutu. Wato sun bi igiyar har inda aka ɗaure ta.

Mu kuwa nan daidai inda igiyar take ba mai taɓawa. Direbobi da yawa, kamar yadda Kawu yake a da, a kan kowace tafiya ake sallamar su. Wanda ya yi sawu huɗu a wata ya fi wanda ya yi uku. Ka ga duk awar da direba ya kwanta, daga tukunyar gidansa ake cire ta. Sannan a zo a rediyo a ce masa ya riƙa hutawa. Wa zai ji?

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a gida. Wani yayana ya ce wannan tsarin Turawa ne, mu ina muka ga kuɗin na'ura. Na ce masa ai a 2017 hukumar FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar rage gudu. In an iya tilasta wannan, me zai hana waccan? Kuma ko ba na'ura, ai akwai biro. Kowace mota daga wani wuri ake yi mata lodi, akwai 'yan ƙungiya, akwai 'yan kamasho, ana yanka rasit. A rubuta ranar tashi da lokacin tashi a buga hatimi, a sake bugawa a Mokwa ko Kontagora, a sake a Jega. Jami'in da ke tsaye a Shagari in ya karɓi takardar, lissafin ɗan firamare zai nuna masa ko mutumin nan ya kwanta ko bai kwanta ba. In bai kwanta ba, kada a karɓi komai a hannunsa a ce ya wuce, domin kuɗi ba sa maganin barci. A sa shi ya ajiye motar ya kwanta, takardar tara kuma a rubuta ta da sunan mai motar. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi ke yi masa aski. Ranar da mai mota ya san cewa gaggawar da yake sa direbansa za ta jawo masa tara da kwanan mota a hanya, da kansa zai buga waya ya ce, "Malam, tsaya ka kwanta." Wataƙila ma ya ɗauki direba na biyu.

Akwai maganar da ta fi wannan nauyi, kuma Kawu ne ya faɗa mini ita. Ya ce ko an ce ka tsaya, a ina za ka tsaya? Akwai wuraren da in ka ajiye mota cikin dare, ko a kwashe kayan, ko a zuƙe man, ko kai kanka a tafi da kai. Inda ke da mutane kuma babu fili, sai a jera motoci a kafaɗar titi, wata motar ta zo cikin duhu ta afka musu. Ga ramuka da shingaye da ke cinye awoyin rana, sai direba ya rama da dare. Ga albasa da tumatir ba sa jira, dabbobi kuma suna galabaita. Wannan gaskiya ce, ban da amsar da za ta share ta duka. Abin da zan iya cewa shi ne, ba daidai ba ne a hukunta mutum don bai kwanta ba alhali ba a ba shi wurin kwanciya ba. Dole su zo tare. A 2024 an ƙaddamar da aikin sabuwar babbar hanya daga Sakkwato zuwa Badagry. Ina roƙon masu wannan aiki, da shugabannin ƙananan hukumominmu biyu a kan wannan tsohon titin namu, su tuna da fili mai katanga da fitila da mai gadi, da ruwa da masallaci da wurin shimfiɗa tabarma. Tsakanin Shagari da Boɗinga fili bai yi mana kaɗan ba. Masu abinci da masu shayi da masu faci na garin ma za su samu ciniki.

Wani abin da rashin hutu ke haifarwa, wanda ya shafe mu kai tsaye, shi ne ƙwaya. Direban da shayi da goro suka daina yi masa aiki, wani sai ya koma tiramadol da ire-irenta don ya kore barci. Barcin ba ya tafiya, ɓuya yake yi, ya dawo lokacin da ba a shirya masa ba. Yaran mota suna gani suna koya, su kuma sa'o'in yayyenmu ne, wasu ma tare muka yi firamare. Inda mota ke tsayawa nan mai sayarwa ke zuwa, kuma ba ya tambayar ko kai direba ne ko ɗan makaranta.

Da abin Kawu ya faru, duk wanda ya zo jaje sai ya ce ƙaddara ce. Na yarda, ba abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma na tambayi malaminmu na addini, ya ce yarda da ƙaddara ba ta sauke wa mutum nauyin yin abin da ya kamata, kuma ran mutane amana ne a hannun mai tuƙi da mai sa shi tuƙin. Abin da na lura shi ne, kalmar nan ta fi yi wa mai mota daɗi fiye da kowa, domin da zarar an faɗe ta an rufe bakin tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu da yayyenmu da wasu daga cikin malamanmu.

Mu ɗalibai ba mu da hatimi ba mu da kaki, amma akwai abin da ke hannunmu. Da safe kada ka ɗauka direba ya gan ka don kai ka gan shi. Ka tsaya nesa da kwalta, ka riƙe hannun ƙanenka, ka bar babbar mota ta wuce gaba ɗaya. Mai talla kada ta bi mota da gudu. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122, ku rubuta ta a bangon littafi. Waɗanda iyayensu ko yayyensu direbobi ne, kuma na san muna da yawa a makarantar nan, in sun kira gida daga hanya kada tambayarmu ta tsaya a kan tsaraba da yaushe za ku iso. Mu tambaye su a ina suka kwana. Ni ban taɓa yi wa Kawu wannan tambayar ba sai da na same shi kwance.

Ina kuma roƙon Malam mai kula da ƙungiyarmu da shugaban makaranta su taimaka mana mu gayyato jami'in FRSC da wani daga ƙungiyar direbobi da wani daga ƙungiyar masu motoci, NARTO, su zauna a benci ɗaya ranar taron iyaye da malamai. Tambaya ɗaya nake so in yi musu a gaban kowa: in direba ya tsaya a Shagari ya yi barcin awa takwas, lodi ya makara, daga aljihun wa za a cire asarar? Na gaya wa Kawu, ya ce in har za a yi zaman zai ajiye babur ya zo, kuma zai ɗauko yaron motarsa.